Bandejin Ƙaguwa da Yatsan Lanieta

Yatsun ƙafar Lanieta tara ne yanzu, kuma na san waɗanda suka ci na goman. Ba mutum ɗaya ba ne, ƙauye ne guda, har da wani bijimin sa. Tun da mutanen Tirivatu sun kama yawo da maganar cewa ni Miliakere bakina ne ya kusa raba gari, to bari in rubuta yadda aka yi. Wanda ya ji haushi ya zo ya same ni, ƙofata ba ta da sakata.

Ni da Lanieta faccaloli ne. Ni na auri wan, Allah ya ji ƙansa, ita ta auri ƙanen, Sakiusa. Daga wasu tsibiran aka kawo mu, shekara arba'in da wani abu ke nan, amma har gobe in ana taron dangi "matan da aka kawo" ake ce mana, mu zauna can bakin ƙofa kusa da tukwane.

Abin da ya ƙara haɗa kanmu shi ne ƙaguwa. Na rubuta sunan, ai takarda ba ta da kunne. Dangin mazanmu ba sa cin ta, ba sa taɓa ta, ba sa kiran sunanta. Dattijo suke ce mata, wai shi ya goyo kakansu na farko ya tsallakar da shi kogi a zamanin yaƙi. Baƙon da ya kuskura ya faɗi sunan a fili, matan dangi za su yi masa caa su jefa shi cikin taɓon bakin ruwa, ko da fasto ne. Mu kuwa da ita aka yaye mu. In mun kai gwaza kasuwar Suva sai mu sami lungu mu ci ta da madarar kwakwa har mu lashe yatsu, mu goge baki da lemun tsami, mu dawo gida kamar ba mu ba.

To, a watan Yuli Lanieta ta shiga ruwa da komarta, wani kaifin dutse ya yanke ta a tafin ƙafa, gindin babban yatsa. Tana da ciwon suga, ƙafar ba ta jin komai, sai da aka kwana huɗu ta ga jini a tabarma. Kafin mako biyu wurin ya zama gyambo, yana ruwa, yana wari, ƙudaje suna bin ta har coci. Nas Torika, wadda ke ƙaramin asibitin tsallaken kogi, ta saka ta a kwalekwale ta kai ta birni. Likita ya kankare ruɓaɓɓen naman, ya ba da ƙwayoyi, ya hana ta shayi mai sukari, sannan ya faɗi abin da ya hana mu cin abinci ranar: ta dawo bayan mako shida. In gyambon bai fara cikowa ba, zai yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Macen da ke ciyar da gida da koma, a ce ba ƙafa!

'Yarta Unaisi tana Ostareliya tana aikin kula da tsofaffi. Da ta ji, sai ta aiko da wani ɗan kwali ta hannun wani mai tsinkar 'ya'yan itace da ya dawo gida. Nan aka yi kuskuren farko. Saƙon waje a wurinmu a tsakiyar tabarma ake buɗe shi, gaban kowa, don kada a ce ka ɓoye. Sakiusa ya buɗe, mutane sun cika ɗaki suna jiran cakulan. Sai ga bandeji guda ashirin, kowane a cikin ledarsa mai ƙyalli, faɗin tafin hannu.

Nas Torika ta ɗauki ɗaya tana juya shi, idonta ya yi haske.

"Wannan ko a birni ban cika ganin sa ba," in ji ta. "Ba irin audugarmu ba ce da ke manne wa ciwo, in ka zo cirewa ta fizgo sabon nama. Wannan in ya sha ruwan ciwon sai ya yi laushi kamar kunun rogo, ya kama ƙwayoyin cutar ya kashe su, naman ya samu ya tsiro a ƙarƙashi. Bayan kwana bibbiyu za a riƙa canzawa. Ashirin ne, daidai mako shidan nan. Ko ɗaya babu rara."

Ta faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Amma kunnen mutanen Tirivatu "yana kashe cuta" kawai ya ɗauka, "babu rara" ya bi iska.

Abu kamar wasa, kafin kwana goma warin ya ɗauke. Na leƙa da idona na ga gefen gyambon ya yi ja, ja mai kyau irin na cikin kankana. Lanieta ta fara tsokanata kamar da.

"Mili, ki ajiye min komata, kar ki ba kowa. Na ga yadda kike kallonta tun da na kwanta."

"Komarki mai ramuka? Kifin da ya shiga ai yawon shan iska ya je."

Ana nan sai labari ya zaga cewa maganin Ostareliya yana rufe ciwo cikin kwana ɗaya. Ba ni na faɗa ba. Ni dai na ce wa mutum biyu uku yana da kyau.

Sai kerekere ya fara. Kun san shi: ɗan'uwa ya zo ya zauna a bakin ƙofarka, ya sunkuyar da kai, ya ce "kerekere", ya ambaci abin da yake so. Shi ke nan. Ba a cewa a'a. Da haka muke rayuwa, ban raina ba. Da kerekere na binne mijina, da shi aka rufa min ɗaki bayan guguwa. Amma gishiri ake kerekere, da kananzir, da aron kwalekwale. Ba ƙafar mutum ba.

Na farko Peniasi ne, mai kaɗa gangar coci. Ina zaune a ɗakin Lanieta ina kankare kwakwa ya shigo ya durƙusa.

"Kerekere, Sakiusa. Guda biyu kacal."

"Wa ba shi da lafiya?" na tambaya.

"San nan nawa ne, Bubu. Igiya ta ci masa ƙafa, ga shi shi na ware wa bikin Kirsimeti." Bubu kaka ke nan a bakinmu, haka suke kirana.

Na ajiye kwakwar. "Sa? Sa mai ƙaho? Peniasi, ka dubi matar nan da ke kwance ka ce min sa?"

Bai ko kalle ni ba, don maganar mace da aka kawo ba ta shiga kerekere. Sakiusa ya yi ta sosa ƙeya, gumi na keto masa, sannan ya miƙa hannu cikin kwali. Peniasi ya tafa hannu sau uku ya fita.

"Ƙanen miji," na ce, "in gobe wani ya zo kerekeren wandon da ke jikinka fa?"

"Sai in cire, matar yaya. Ya zan yi? Ɗan'uwana ne."

"Ita kuma wannan 'yar'uwar wa ce, kifi?"

Lanieta ta ja min zane. "Bari, Mili. Guda biyu ne."

Kashegari aka aiko min ƙanwata ta rasu a tsibirinmu. Makon nan kuma Nas Torika ta hau tudu yi wa yara rigakafi. Na ja Sakiusa gefe na ce ya tura kwalin ƙarƙashin gado, duk wanda ya zo ya ce sun ƙare. Ya ce to. Shi dama "to" ba ta yi masa wuya.

Kwana goma na yi. Da na dawo, tun daga gindin bishiyar mangwaro warin ya tarye ni. Na jefar da jakata na shiga. Lanieta na kwance da zazzaɓi, ƙafar a naɗe da yagaggen tsohon zane. Na jawo kwalin. Fanko, sai takardar ciki.

"Ina suke?"

Sakiusa ya kama lissafo min da kansa a ƙasa. 'Yan ƙwallon zari-ruga sun karɓi uku don gwiwoyinsu. Wani ya karɓa don maruru a ɗuwawu. Wata don jikanta ya ƙone da shayi, wata don ta ji an ce yana da kyau. Biyar na ƙarshe kuwa Yaya Ulamila ce ta aiko a ba ta.

Ulamila ita ce babbar yayarsu, uwar matan dangi, wadda in ta yi tari a coci fasto kan dakata.

"Me ya same ta?"

"Ba komai. Ta ce za ta ajiye saboda wata rana."

"Wata rana! Yau ɗin wace rana ce? Ka ba ta, kana kallon ƙafar matarka?"

"Ni na ce ya ba ta," in ji Lanieta da 'yar murya. "So kike a ce matar da aka kawo ta hana 'yar gida?"

Na fita bayan ɗaki na yi ta zagin kaji, don su kaɗai zan iya zagi ba a kai ni gaban dattawa ba.

Da safe Nas Torika ta iso. Ta kwance tsumman ta duba. Jan nan mai kyau ya tafi, mugunya ta dawo, babban yatsan ya fara duhu kamar ayabar da ta kwana a wuta. Ta wanke, ta sa audugar asibiti, ta yi mata allura, ta yafito ni waje.

"Saura kwana ashirin a koma wurin likita," ta ce. "Audugata ba za ta riƙe wannan ba. Na kira Unaisi, ta ce ko yau ta aiko wani, sai ya yi wata kafin ya iso."

"Ai ba su yi amfani da su duka ba. Suna nan cikin akwatunan mutane, tare da kayan coci."

"To a karɓo mana."

Na dube ta. Yarinya ce mai ilimi, amma ta fi ni sanin amsar. Abin da ka bayar a kerekere ba ka komawa ka ce a dawo maka da shi. Gara ka yi tsirara a filin gari. Sakiusa zai yarda a yanke masa tasa ƙafar kafin ya yi haka.

Torika ta zauna a kan turmin daka yangona, saiwar nan da ake jiƙawa a sha a zaman dattawa, tana juya wata tsohuwar ledar bandejin da ta tsinta. Can ta ɗago.

"Bubu Mili, zan gaya miki wani abu, amma ki rantse ba zai fita daga bakinki ba."

"Ni? Yaushe kika taɓa jin magana ta fita daga bakina?"

Ta daɗe tana kallona, ban san me ya sa ba. Sannan ta sa farce a kan wani ƙaramin rubutu a bayan ledar.

"Kin san da me ake yin sa? Tun ranar farko na gani, na ja bakina." Ta waiga hagu da dama, ta ɗaga hannu biyu ta yi almakashi da yatsu, ta karkace jiki gefe guda.

"Ke! Dattijo?"

"Ɓawonsa. A wanke, a niƙa, a tace, a mayar da shi zare. Abin da ke cikin ɓawon ne ke kashe cutar. Don Allah Bubu, kar kowa ya ji."

Ta ɗauki jakarta ta nufi kwalekwale. Ina ganin kafaɗunta na motsi, na ɗauka tari take yi.

Na riƙe maganar. Allah ya sani na riƙe ta, tun daga ƙofar Lanieta har zuwa duwatsun wanki. Tafiya ce mai ɗan nisa.

A can na tarar da Akosita matar Peniasi tana bugun kaya. Ita ma kawo ta aka yi, kuma bakinta ya fi rediyon sarkin gari nisan zango. Na shimfiɗa wankina kusa da ita.

"Ƙawata, ya ƙafar san naku?"

"Kai, Bubu, ai maganin nan sai godiya. Har ya fara tsalle."

"Madalla. Mai gidan naki da hannunsa ya ɗaura masa?"

"Da hannunsa mana."

"Ayyo." Na ci gaba da cuɗa zane. Na bari ta ɗan dahu. "Hannun dai lafiya? Bai fara karkacewa ba?"

Ta saki rigar da ke hannunta, ruwa ya tafi da ita. "Me kika ji?"

"Ni ba na son magana, kin sani. Amma tun da ke ce, kuma na san cikinki rijiya ne..." Na raɗa mata.

Ko wankin ba ta gama ba. Ni kuwa na yi nawa a natse, na shanya a kan ciyawa, na zauna ina jira. Rana ba ta kai tsaka ba sai ga Ulamila tafe da mata bakwai a bayanta, tana dogara sandarta kamar za ta huda ƙasa.

"Miliakere!"

"Na'am, Yaya. Sannu da fitowa. Ya gwiwar?"

"Bar gwiwata. Wace ƙarya kike yaɗawa a garin ubana?"

"Wacce daga ciki?"

Wata a baya ta ƙyalƙyale, Ulamila ta juya, ta haɗiye dariyar.

"Wai akwai Dattijo a cikin maganin nan. Ƙarya kike. Auduga ce fara, na gani da idona. So kike mu dawo da abin da aka ba mu, ki kunyata ƙanena. Dattijon wa? Dattijon garinku?"

Na ga matan sun fara gyaɗa kai. In na tsaya kwana-kwana, maganar ta mutu a nan, ƙafar Lanieta ta bi ta. Kuma akwai hanya ɗaya tak da za su san ba wasa nake ba. Na miƙe, na gyara ɗaurin zane, na cire tabarau na ajiye a kan dutse, don sabo ne.

"Ƙaguwa!" na ce. "Ƙaguwa nake nufi, Yaya. Ɓawon ƙaguwa, an niƙa shi kamar garin rogo. Guda biyar na kwance a akwatinki kan Littafi Mai Tsarki!"

Shekara arba'in da uku ina taka-tsantsan da kalmar nan. Kai, ta yi daɗin fita.

Suka yi kaina. Biyu a hannu, biyu a ƙafa, ni da shekara sittin da takwas, suka ɗauke ni kamar buhun kwakwa sai bakin kurmin ruwa. Ɗaya tana cewa, "Ku bi a hankali, bayanta," amma dai suka cilla ni. Taɓon ya karɓe ni har wuya. Na tofar da na bakina na ƙara ƙwalawa, "Ƙaguwa! Ku je ku tambayi nas! Ku kira Unaisi!"

Sun kira ta kuwa, a wayar ɗan sarkin gari, kowa na ji. Yarinyar ta ce e, ta sani, amma da yake ita ma 'yar dangi ce, safar hannu ta sa lokacin da take zuba su a kwali.

Abin kallo sai bayan azahar. Ina zaune a ƙofar Lanieta, taɓo ya bushe a kunnena, bandeji suka fara dawowa gida da kansu. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya ji kunya. Wani ya kawo nasa a kan ganyen ayaba, ya miƙe hannu nesa da jiki. Wata ta maƙalo nata da tsinke biyu. Mai maruru ya turo ragowar nasa da sanda tun daga ƙofar gidansa. 'Yan zari-ruga kuwa suna can cikin teku suna dirje gwiwa da yashi. Guda uku suka taru a bakin ƙofa. Ina dariya har haƙarƙarina na ciwo.

Dariyar ba ta daɗe ba. Sai ga Ulamila da matanta, an ɗauko biyar ɗinta a cikin kwando an rufe da sabon ƙyalle. Ba ta ajiye su tare da sauran ba. Ta shigo ta zauna a saman tabarma, ta juya wa Sakiusa gefe. Wa da ƙanwa, ko ya da ƙane, a wurinmu ba sa magana kai tsaye in sun girma. Sai an sami na uku a tsakani. Ta duba ɗakin. Lanieta na kwance, matan dangi duk 'yan'uwansa ne su ma. Ni kaɗai na rage.

"Miliakere," ta ce, kamar tana tauna tsakuwa, "gaya wa mai gidan nan, Dattijo ba zai kwana a garin nan a cikin leda ba. A tattara duka takwas ɗin, yau ɗin nan a mayar da shi ruwa, a ba shi haƙuri."

Wannan ban hango shi ba. Na yi wayo na ƙwato su daga akwatuna, ga shi zan zuba su a teku da bakina.

"Ƙanen miji," na ce, "ka ji abin da Yaya ta ce."

Sakiusa ya sunkuya. Hannunsa ya tafi ƙeya. Na san hannun nan, na san abin da ke biyo bayansa. Na rufe ido.

Sai Lanieta ta yunƙura ta zauna. Matar da shekara arba'in ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban dangin miji ba. Ba ta ɗaga ba yanzun ma. Ta kwance audugar da Torika ta sa, a hankali, ta miƙe ƙafar a tsakiyar tabarma.

"Yaya, tun da na kwanta kina aiko min da kifi, na gode. Amma ba ki taɓa dubawa ba. Duba."

Warin ya cika ɗakin. Matan suka ja zane suka toshe hanci. Ulamila ba ta toshe ba, wannan kam zan faɗa mata. Ta dubi ramin, ta dubi baƙin yatsan, leɓenta na motsi.

Sakiusa ya sauke hannunsa daga ƙeya.

"Matar yaya, gaya mata a'a."

Na ɗauka kunnena ne da taɓo. "Me ka ce?"

"Ki ce mata a'a. Ki ce mata da hannun nan na ɗaura wa matata Dattijo har sau uku ban sani ba, bai cije ni ba. Na ga naman yana tsirowa. Ni na rabar, ni na jawo wannan. In ya goyi kakanmu da ba mu taɓa gani ba, to ya goyi wadda ta haifa wa dangin nan 'ya'ya biyar. In akwai laifi, a kaina. Ba za a kai ko ɗaya ruwa ba."

Tunda nake isar da saƙo a duniya, kuma na isar da da yawa, har waɗanda ba a aike ni ba, ban taɓa samun mai daɗin wannan ba. Na gyara zama, na fuskanci Ulamila.

"Yaya, ya ce a'a."

"Na ji."

"A'a ya ce. Wai in gaya miki a'a."

"Na ce na ji, uwar surutu!"

Ta daɗe tana murza kan sandarta. Ba mugunta ce da ita ba, tsoro ne. Tun tana yarinya aka gaya mata abin da ke samun dangin da suka wulaƙanta Dattijo, kuma ta yarda. Can ta sa sanda ta turo kwandon gaban Lanieta.

"Gaya masa," ta ce, "hannun ɗan dangi ba zai ƙara taɓawa ba. Gaya masa zai kai yangona gaban dattawa ya ba da haƙuri. Kuma duk wanda aka cire daga ƙafar, ba za a jefa shi a bola ba. A naɗe shi a ganye, a kai shi cikin kurmin ruwa a binne a gidansu, da ladabi." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Tun da akwai wadda ta riga ta san hanyar taɓon, ita za ta riƙa kaiwa."

Haka aka yi. Takwas suka rage inda ake bukatar goma, Torika ta riƙa jan na ƙarshe-ƙarshen zuwa kwana uku. Ni kuma duk canji ina cikin taɓo har gwiwa da ƙunshin ganye, sauro na cina, 'yan'uwan Dattijo na leƙowa daga ramuka suna kallona, ga su manya-manya, ba halin in kama ko ɗaya.

Ranar komawa birni na raka su. Likita ya daɗe yana dubawa. Ya ce tafin ƙafar ya ciko, ƙafa ta tsira. Amma babban yatsan ya riga ya mutu tun waɗancan kwanakin da aka naɗe shi da tsumma. Ya cire shi a ranar.

Mutane suna ta cewa a gode wa Allah, yatsa ɗaya ne. Na gode masa, kullum ina gode masa. Amma ba shi ya karɓi bandejin nan ya ɗaura wa sa ba. Ku je ku ga yadda Lanieta ke tafiya yanzu, tana ɗingishi, tana neman abin dafawa in za ta shiga kwalekwale. Har yau ba wanda ya zo ya zauna a ƙofarta ya ce ya yi kuskure. Ni ce dai mai baki. Ita ma Torika da na je mata da ƙorafin cewa ta sa an jefa ni a taɓo, cewa ta yi, "Ni da na ce kar ki faɗa wa kowa, Bubu?"

Saura maganar san Peniasi. Ya warke sumul, ko tabo babu. Da Kirsimeti ta zo aka yanka shi, aka gasa a rami, ƙamshi ya cika gari, sai wani dattijo ya tuna cewa naman nan ya sha Dattijo ta ƙafa. Aka yi ta shawara har abinci ya fara hucewa. Daga ƙarshe aka yanke cewa ɗan dangi ba zai ci ba. Suka zauna can cikin rumfa, wurin zaman 'yan dangi, da rogo da kifin gwangwani, sa guda kuma aka sauko da shi bakin ƙofa, wajen tukwane, wurin matan da aka kawo.

Lanieta ta ce in taimaka mata ta tashi. Ta taka da yatsunta tara har gaban Peniasi, ta zauna, ta sunkuyar da kai yadda ake yi.

"Kerekere, Peniasi," ta ce. "Ƙafar nan da aka yi wa magani. Ita nake so, har cinyar."

Shi ya ɗauko mata da kansa, a kan ganyen ayaba, hannu nesa da jiki. Ni na tafa mata sau ukun.